Tayar Kwarin Hamma

Ana fitowa daga sallar la'asar Ladan ya kawo motar. Ƙarshen daminar 1956 ne, dawa ta fara sunkuyar da kai a gonakin unguwar Rikoto ta Zuru, ƙasa tana ƙanshin ruwan jiya. Ya tsayar da lorin a gaban rumfar Kofur Maharazu, ya kashe inji, amma bai sauko ba. Ya zauna riƙe da sitiyari yana kallon hannuwansa.

Maharazu bakanike ne. A soja ya koyi aikin, ya shekara uku yana gyaran motocin yaƙi a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya, ya dawo Zuru da ɗingishi a ƙafar hagu da akwatin sifanu guda. Gajere ne mai kaurin wuya, ba ya son dogon zance. In mota ta gagari kowa a ƙasar, rumfarsa ake turo ta.

"Sauko mana," in ji shi. "Mi ag gare ta?"

"Rawa taka yi, Kofur."

"Kowace mota na rawa bisa hanyag ga. Gargada ta yi yawa."

"Na san rawar gargada. Wagga daban ta. Sai allura ta kai mil arba'in taka tasowa. Ƙasa da haka lahiya lau."

"Ina kaka jin ta? Ga hannu ko ga mazauni?"

"Ga hannu. Sitiyari kamar shi ƙwace."

"In ka taka birki fa?"

"Ba ruwanta da birki."

"In ka hidda giya, ka bar ta tana gangarawa?"

"Tana nan."

"Yaushe tas soma?"

Ladan ya kau da kai. "Kwana tara ke nan."

Maharazu ya gyaɗa kai. Tunda ba ta barin rawa in an cire giya, inji ya fita daga zargi. Birki ma ya fita. Rawar da ke zuwa a mazauni daga baya take fitowa, wadda ke zuwa a hannu kuwa ta ƙafafun gaba ce. Ya ɗauko jak.

Yana cikin ɗaga motar mai ita ya iso a kan keke. Nagoggo falke ne, hatsi yake fatauci, kuma wannan lorin ita ce kaɗai ke kai mutane kasuwar Mahuta. Bai ma sauka daga keken ba, ya dafa ƙasa da ƙafa ɗaya.

"Kofur, gobe kasuwa. Mutum talatin da ɗoriya sun kama wuri. Da asuba za ta yi lodi."

"In ta gyaru."

"Ko ta gyaru ko ba ta gyaru ba. Ladan tsoro ag gare shi. Rawa ba ta kashe mota."

"Tana kwance noti," in ji Maharazu daga ƙarƙashin mota. "Na ga motar da taya tas saki tana cike da mutane. Ba ni son in ƙara gani."

"Ni dai na hwaɗa maka."

Nagoggo ya taka kekensa ya wuce. Cikin masu shiga motar gobe har da Bilki, yayar Maharazu uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ba ta fashin kai daddawa Mahuta.

Ya bi ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya. Ya kama kowace taya sama da ƙasa ya girgiza, ko boris ya yi wasa. Bai yi ba. Ya sa sifana a kowane noti, duk a ɗaure tamau. Ya duba sandunan sitiyari, ya ƙwanƙwasa sifirin da guduma yana sauraro. Sannan ya riƙe alli kusa da bakin ƙarfen kowace taya, ya sa Ladan ya juya ta. In ƙarfen ya lanƙwashe, allin zai taɓa gefe ɗaya ya tsallake ɗaya. Dukansu biyu suka zana da'ira cikakkiya.

Ta hagun ce dai ta tsaya masa a rai. Sauran tayoyin sun ci hanya, sun yi ja da marmara. Ita baƙa wuluk, haƙoranta a cike, kuma ya zagaya ta sau biyu bai ga rubutun kamfani ko lamba a jikinta ba.

"Wagga fa?"

"Maigida yak kawo ta," in ji Ladan, a gajarce.

Maharazu ya dube shi, ya sauke jak. "Mu hau hanya. Mota a tsaye ba ta hwaɗin ciwonta."

Suka bar gari suka kama hanyar Mahuta. Ladan na tuƙi, Maharazu ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen gaba ya lumshe ido. Bayan gonakin ƙarshe akwai miƙaƙƙiyar hanya mai tsawo da lebura suka gyara bayan ruwa, sumul, ba gargada. Allura ta hau ashirin. Ta hau talatin. Inji na kuka daidai, iska na shigowa da ƙanshin ciyawa.

Tana taɓa arba'in abin ya taso.

Sitiyari ya fara kaɗawa a hannun Ladan. Gilashi ya ɗauki ƙara. Sifanun da ke ƙasa suka shiga tsalle, haƙoran Maharazu suka haɗu. Ya saurara sosai. Rawar taya mai lahani tana bin gudun mota, tana ƙaruwa tana raguwa da shi. Wannan kuwa bugu take, ɗaya bayan ɗaya, da tazara, kamar ana sussuka.

"Tsaya."

Suka tsaya a gindin wata ɗorawa. Maharazu ya sauka ya bi tayoyin yana dafawa. Biyar sun yi zafi, suna warin roba. Ya dafa ta hagun gaba ya janye hannu.

Sanyi ƙalau. Kamar gindin randa.

Ya sa suka kwance ta suka mayar da ita baya, suka kawo ta bayan gaba. In laifin na tayar ne, rawar za ta bi ta. In na motar ne, za ta zauna inda take. Suka sake hawa hanya. Da allura ta kai arba'in sitiyari ya tsaya cak a hannun Ladan, sai kujera ta ɗauki bugu a ƙarƙashinsu, har cikin ƙashin baya.

"Mun kama ta," in ji Maharazu. "Tsaya mu hidda ta, mu sa sahwaya."

Rana ta riga ta yi ja, ta sauka kan duwatsu. Suka kwance notuna. Da tayar ta fita daga mazauninta sai wani wari ya buso, warin laka ta ƙasan rafi wadda rana ba ta taɓa gani ba. Maharazu ya zura yatsa cikin ramukan ƙarfen. Ya fito da jiƙaƙƙen yashi da 'yan fararen saiwoyi, sababbi, masu rai.

Ya miƙe yana goge yatsa a wando.

"Ladan, taya ba ta tsiro. Ina kunka samo ta?"

Ladan ya tsuguna a bakin hanya ya riƙe kai. Da ƙyar maganar ta fito.

"Kwarin Hamma."

Kowa a Zuru ya san wurin. Mil huɗu a gabansu akwai gadar katako a kan wani kwari mai zurfi. Shekara bakwai da suka wuce wani direba mai suna Hamma ya faɗa ciki da lorinsa, shi kaɗai, da rana tsaka. An fito da buhunan da ya ɗauko, ba a same shi ba. Motar tana can ƙasa har yanzu. Fulani ba sa shayar da shanu a wurin.

"Tayarmu ta hwashe, ƙarhen ya lanƙwashe," in ji Ladan. "Maigida ya ce sabuwa sai Kaduna, shi ba ya jira. Yac ce in sabka kwarin in dibo. Kofur, motar duk ta ruɓe. Tsatsa ta cinye ta, itace ya hito ta cikin inji. Sauran tayu sun zama gari. Wagga ɗai nis samu a tsaye gefe guda, ba ta jingine da komi ba. Wurin da taka tsaye a share yake, kamar tsakar gida."

"Kuma kaɗ ɗauko."

"Iyali gare ni. Ya ce in ban ɗauko ba in aje mashi makulli."

Maharazu ya ja tsaki, ba don Ladan ba. Suka ɗaura safaya, tsohuwar tayar ajiya mai faci uku. Suka cicciɓi baƙar tayar suka jefa cikin bodi, Maharazu ya kwantar da ita ya ɗaure da igiya a jikin katako, ƙulli biyu irin na soja.

"Mu juya," in ji Ladan. "Magariba ta kawo jiki."

"Sai na ji ta ga arba'in ba rawa."

"Kofur, don Allah. Mu bar ta nan bakin hanya mu koma."

"Mu bar ta wani shi tsinta shi sa ga motatai? A'a. Roba ta da ƙarhe, mutum yay yi su. Gida za ni kai ta in tsaga ta in ga abin da ac ciki. Kuma ba ni cewa mota ta gyaru ban gwada ba. Mil guda. Mu ji, mu juya."

Ladan ya hau yana motsa baki da addu'a.

Hanya ba kowa. Tsuntsaye sun yi shiru. Hayaƙin wata ruga ya kwanta a kan ciyawa can nesa. Ladan ya kunna fitila ko da yake da sauran haske.

Ashirin. Talatin.

Arba'in.

Motar ta tafi sumul. Sitiyari a tsaye, kujera a tsaye. Ladan ya saki numfashi, har ya fara murmushi.

Sai aka buga katakon bodi a bayansu.

Bugu ɗaya. Shiru. Wani bugun.

"Igiya ta kwance," in ji Maharazu. "Rage."

Ladan ya ɗaga ƙafa daga totur. Allura ba ta motsa ba.

Ya taka birki. Ƙafarsa ta nutse har ƙasa, kamar ya taka auduga.

"Kofur."

"Na gani."

Maharazu ya ja birkin hannu iya ƙarfinsa. Ba abin da ya canja. Ya miƙa hannu ya murɗe makulli. Inji ya yi tari ya mutu.

Motar ta ci gaba da tafiya.

Ba kukan inji, ba warin mai. Sai iska, da tsakuwa a ƙarƙashi, da wani sauti daga baya, siriri mai tsawo, sautin taya tana juyawa a kan katako. Warin ƙonanniyar igiya ya shigo ta taga. Hanyar a miƙe take, ba gangara. Allura tana kan arba'in kamar an kafe ta da ƙusa.

Rawar ta dawo. Wannan karon ko'ina take, a sitiyari, a kujera, a ƙofa, a ƙirji.

Akwai wata 'yar tsaga a katakon da ya raba gidan direba da bodi, daidai keyar Ladan. Daga nan muryar ta fito, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da ruwa a baki.

"Ba ta wuta."

Ladan ya fara salati, muryarsa na karyewa. Sitiyari ya soma ja zuwa hagu a hankali. Hagu ne gefen da Hamma ya faɗa.

"Saura mil nawa gada?" in ji Maharazu.

"Biyu. Ba su kai ba."

"Riƙe ta tsakiyar hanya. Kome kaj ji, kak ka waiwaya."

"Ina za ka?"

"In sallami hwasinja."

Ya soke guduma a ɗamara, ya ɗauki liba, dogon ƙarfen ɓanɓare taya. Ya buɗe ƙofa. Iska ta make shi. Ya taka matakala, ya kama katakon bodi, ya ja jikinsa sama. Ƙafarsa mai ɗingishi ta zame, ya rataye da hannu ɗaya, marmara na gudu a ƙarƙashinsa. Ya sake ja. Ya faɗa ciki da kafaɗa.

Sanyi ne a ciki. Katakon a jiƙe, laka har idon sawu.

Tayar tana tsaye a tsakiyar bodi. Tana juyawa a wuri ɗaya, da gudu, guntun igiya na hayaƙi a gefenta.

A bayanta wani abu ne tsugune.

Gwiwoyinsa sun wuce kansa. Kan ya sunkuya saboda tsawo, ruwa na ɗiga daga gare shi. Inda fuska za ta kasance sumul ne, baƙi, kamar dutsen rafi. Hannunsa ɗaya yana ƙasa. Ɗayan, dogo, mai gaɓa fiye da ta mutum, yana ɗagawa yana marin tayar don kada ta tsaya.

Duk mari ɗaya, motar gaba ɗaya sai ta girgiza.

Maharazu ya dafa katakon bodi. Ya nemi tsari da Allah. Ya miƙe tsaye, ya raba ƙafa.

"Tawa ta," in ji abin.

"Na ji. An ɗauko maka ba da izini ba, wanga laihi na. Ɗauki abinka ka sabka."

Mari. Motar ta girgiza.

"Da mota za ni koma."

"Motag ga ba taka ba ta."

"Da mai tuƙi." Kan ya juya a hankali zuwa tsagar katakon, wajen keyar Ladan. "Wanda nika da shi ya gaji."

Abin da ya taso wa Maharazu a lokacin ya fi tsoro zafi. Ya tuna Ladan tsugune a bakin hanya yana cewa iyali gare shi. Ya tuna mutum talatin da tallarsu.

"Taya ɗai kaka bin mu," ya ce. "Ita za ka samu. Ko noti guda ba ka ƙarawa."

Marfin baya yana rufe da sakata biyu na ƙarfe. Don ya kai gare su sai ya wuce ta gefen abin. Ya manna bayansa da katako ya fara ja. Taku ɗaya. Biyu. Warin laka ya cika masa hanci. Gwiwar abin ta gogi ƙirjinsa, sanyin ya ratsa riga.

Maharazu bai kalle shi ba.

Ya kai kusurwa. Ya zaro guduma ya doki sakatar farko. Ta fita.

Marin ya tsaya.

Ya rarrafa zuwa ta biyu. Ya doka. Ta ƙi. Tsatsa. Ya sake dokawa.

Daga gaba ya ji Ladan yana kiran sunansa. Ya ɗaga ido ta saman gidan direba. Fitila ta kama fararen turakun gada.

Duka na uku sakatar ta tashi sama. Marfin ya faɗi waje da ƙara.

Ya juyo. Abin ya miƙe, ya rufe sararin sama. Tayar tana juyawa tsakaninsu.

Maharazu ya yi bisimilla ya cusa libar cikin ramin ƙarfen tayar.

Ƙarfe ya ci ƙarfe. Wuta ta yi tartsatsi. Libar ta fizge, ta kusa cire masa kafaɗa, amma tayar ta yi tuntuɓe, ta karkace. Ya zagaya ya sa mata kafaɗa da hannun dama, ya tura da duk abin da ya rage masa.

Ta gangara. Ta kai baki.

Dogon hannun ya bi ta, ya kama ta. Ɗayan hannun ya kama wuyan hannun Maharazu.

Bai taɓa jin sanyi irin wannan ba. Ya shiga ƙashi ya haura har haƙora.

Tayar ta faɗa hanya, abin ya bi ta, shi kuma aka ja shi a kan ciki cikin laka. Kansa ya fita waje. Ƙirjinsa ya fita. Ya ga ƙasa na gudu dab da idonsa. Ƙafarsa ta laluba ta sami sarƙar marfi, ya naɗe ta a idon sawu.

Aka ja. Sarƙa ta miƙe. Wani abu ya ƙara a kafaɗarsa.

"Taho," in ji muryar, a cikin kunnensa.

"Ba ni zuwa."

Gudumar tana hannun hagunsa. Ya ɗaga ta ya sauke a kan yatsun, a kan nasa hannun, bai zaɓa ba. Ya sake. Ya sake.

Aka sake shi.

A daidai lokacin birki ya kama. Tayoyi suka yi kururuwa, motar ta ja gefe, ta yi tsalle, ta daki turken farko na gada ta tsaya. Maharazu ya gangaro ƙasa ya faɗi a kan marmara.

Ya kwanta yana jin bugun zuciyarsa. Ladan ya zagayo yana dafa mota, ya tsuguna kusa da shi. Tayar hagu ta gaba tana rataye a kan kwari, tana juyawa a iska.

"Kofur," ya ce da raɗa. "Diba."

Daga bayansu, cikin sauran jan hasken magariba, baƙar tayar tana tahowa. A tsaye, a hankali, ita kaɗai, a tsakiyar hanya. Ta zo daidai su ta rage gudu. Ta ɗan tsaya.

Maharazu ya dafa ƙasa ya tashi zaune. Ya kafa mata ido.

Ta karkata hagu, ta bi ta gefen turken, ta gangara cikin duhun kwarin. Suka saurara. Ba su ji faɗuwarta ba.

A nan bakin hanya suka yi sallar magariba, Maharazu a zaune. Sannan Ladan ya juya handul, inji ya tashi bugu ɗaya, suka ja da baya da dabara har tayar ta hau ƙasa. Suka koma gari a mil goma sha biyar.

Kai tsaye ƙofar gidan Nagoggo suka nufa. Suka same shi a kan tabarma yana cin tuwo. Maharazu ya sauka, laka tun daga gemu har ƙafa, hannun dama na lilo. Ya buɗe murfin inji, ya cire rota da hannun hagu, ɗan abin da in babu shi mota ba ta tashi, ya jefa a aljihu.

"Mi kaka yi haka?" in ji Nagoggo.

"Sahwayar ga mai hwaci ukku ba ta ɗaukar mutum talatin. Ranar da sabuwar taya taz zo daga Kaduna, da rubutun kamhwani ga jikinta, ka zo ka amsa."

"Motata ta. Sai in kai ka gaban alkali."

Maharazu ya matso kusa da fitila ya ɗaga hannun damansa. A wuyan hannun akwai shatin yatsu, fari fat kamar ƙuna, sun zagaye shi sau biyu. Shida ne.

"Mu tai. In nuna mashi wanga, kai kuma ka hwaɗa mashi inda ka aiki Ladan."

Nagoggo ya dubi hannun. Ya ture kwanon tuwo.

Washegari mota ba ta yi lodi ba. Masu jakuna suka tafi da jakuna, sauran suka koma gida suna mita. Bilki ta zo har rumfa da ƙwaryar daddawa a ka don ta yi wa ƙanenta faɗa, ta ga hannun, ta sauke ƙwaryar ta tafi neman mai ɗori.

Kafaɗar ta warke. Hannun bai warke ba. Tun daga ranar yake rawa, bugu ɗaya bayan ɗaya, da tazara, ko yana barci. Ba ya riƙe sifana, ba ya kai loma baki. Maharazu ya koya wa hagu aikin, ya ɗauke shi shekara guda. Ladan ya ƙara wata biyu a motar, sannan ya kwashe iyalinsa ya koma tuƙi a hanyar Kontagora. Bai sake bi ta gadar ba.

Da damina ta zagayo, wata safiya bayan ruwa, Asiya matar Maharazu ta fito shara ta tsaya da tsintsiya a hannu. A kan jiƙaƙƙiyar ƙasa akwai sawun taya. Guda ɗaya, ba abokin tafiya. Ya fito daga hanyar Mahuta, ya ratsa tsakanin gidaje, ya zo ya tsaya taki ɗaya daga bakin rumfa. Babu sawun komawa.

Haka aka riƙa gani duk safiyar da aka kwana da ruwa.

"Malam," in ji Asiya a karo na huɗu, "mu tashi. Ƙanena na Yawuri, shina da wuri. Ko'ina akwai motoci."

Maharazu ya daɗe yana kallon sawun, hannunsa na bugawa a jikin cinyarsa.

"Ya samu tayatai," ya ce. "Ba shi bin mu komi. Ga Rikoto anka haihe ni, shi ab baƙo."

Ya karɓi tsintsiyar da hannun hagu ya share sawun tun daga bakin rumfa har titi. Ya dawo ya ɗauko kujerarsa, ya dasa ta daidai inda sawun ya tsaya, ya zauna yana fuskantar hanyar Mahuta. Wata akori-kura tana jira tun asuba da tafasasshen lagireto. Ya ɗaga wa direban hannu ya matso da ita.